Motoci Arba'in Marasa Idanu

Ni ne mai sa wa mota idanu.
Shekara shida ke nan a masana'antar bakin Binuwai:
fitilar hagu, fitilar dama,
noti huɗu, waya biyu, in kunna in kashe,
in dafa mata baya in ce, wuce, kin gani.

Yau mako bakwai ban sa ko ɗaya ba.
Arba'in na tsaye a fili, an wanke su fes,
taya sabuwa, kujeru cikin leda,
ramuka biyu a goshi
inda ƙadangare ya fara kai ziyara.

Fitilun suna Duwala, in ji manaja,
cikin kwantena, kwantenar tana kan layi,
layin yana jiran takardar duwan,
takardar tana jiran wasu mutane su tashi daga teburi
a wani birni da harshena bai iya sunansa ba.
Litinin aka ce haraji kashi goma.
Laraba aka ce ashirin da biyar.
Juma'a rediyo ta ce ana tattaunawa,
sai ta saka labarin ƙwallo.

Alhaji Giɗaɗo na Yola, mai ɗaukar shida-shida,
ya bugo waya yana tari:
naira ta sake zamewa, iyaka kuma
yau a buɗe, gobe sai Allah.
Na Mundu ya ce a ajiye masa.
Ajiya ba ta biyan albashi.

Ba a kore mu ba fa.
Da an kore mu, da mun san inda za mu aza kuka.
An dai liƙa takarda a jikin ƙofa,
kwana uku aiki, kwana uku gida,
"har zuwa lokacin da".
Nan jimlar ta tsaya. Ruwa ya ci sauran,
ko kuwa dama babu sauran.

Astajam mai shinkafa da wake a bakin get
da tukunya uku take zuwa.
Yanzu ɗaya, ita ma sai ta koma da ƙanzo.
Ba ta rubuta bashi, a ka take riƙewa,
jiya na ga tana ƙirga mu da ido
tana motsa leɓe.
Hamajoda mai fenti ya karɓi babur haya,
na hange shi a kan gada da buhun gawayi da fasinja,
hannun da ke shafa ja ba ɗigo ko ɗaya.
Ya ɗauke kai. Ni ma na ɗauke.

Ilu, ɗana, yana aji biyu a makarantar koyon sana'a.
Ni na ce masa ya bar kamun kifin kakansa,
ƙarfe ba ya ƙafewa da rani.
Daren jiya ya tambaye ni, Baba, haraji nawa ne yanzu?
Na ce ci tuwonka.

Sefa dubu tara suka rage a gwangwanin Hajjo.
Ta san na sani. Na san ta sani.
Muna ta hirar tsadar albasa.

Ɗazu da magariba, kafin a ja ƙofa,
na ratsa tsakanin makafin nan arba'in.
Garwa ta yi zafi har ƙarfe na numfashi.
Na ciro wayata, na kunna tocila,
na cusa ta a ramin hagu na ta farko.
Haske ya faɗa kan katanga, ɗan kaɗan,
kamar faifai.

Maigadi Sali ya yi dariya har ya dafa sanda.
Ya ce, to, ga mai ido ɗaya, sai ta ja sauran.
Na yi dariya ni ma.
Ban cire ba sai da batir ya mutu.