Dutsen Tagar Hagu

Shekara talatin da ɗaya ina huda tikitin mutane,
daga Kano har Ikko,
kuma duk sanda muka doshi Dangora
sai wani dutse ya leƙo ta tagar hagu,
ya raka mu ɗan taƙi,
ya gaji, ya koma bayan dawa.

Nakan ce masa, wata rana.
Abin da ake faɗa wa mai bin bashi ke nan.

Da na ajiye aiki, agogon bango suka ba ni
da kati mai hatimin reluwe:
mai wannan fas ya hau har inda dogo ya ƙare.
Agogon ya tsaya a damina ta biyu.
Katin ya kwanta a kwallar marigayiya Delu
sai da jikata Hansai ta tono shi tana neman allura.
Ta ce, Kaka, wane ne wannan mai gashin bakin?

An ce jirgin tara na safe.
Mun yi azahar a tasha.
Yaron da ke duba tikiti ya juya katin gaba da baya,
ya ce, Baba, wannan ai tun zamanin sule da sisi.
Ya kira babbansa, babban ya sara mini.
Ban faɗa wa yaron ba
cewa a karkace yake riƙe abin hudar.
Hansai da kuɗin awararta ta biya nata.

Muka sauka, babu dutse.
Ashe taga maƙaryaciya ce,
tana jawo nesa kusa don ba ita za ta taka ba.
A-kori-kura ta ɗauke mu kan buhunan masara,
akuya na cin bakin rigata,
kwandasta ya dubi katin, ya ce nan sai Naira.
Inda mota ta ƙi, ɗan acaɓa ya yarda.
Inda shi ma ya ƙi, sai ƙafa.

A gindin dutsen wata tsohuwa na baza barkono.
Na ce, Iya, yaya sunansa?
Ta ce, suna?
Mu dai shanya muke yi a kai.

Na hau.
Gwiwa ta dama ta fara ƙorafi tun a kurmin farko,
ta hagu ta goya mata baya.
Rema ya dube ni daga tsaguwa, bai ko matsa ba.
A wani kwarmi ruwan sama ya kwana,
'yan talibambam na harkarsu a ciki,
ba su san akwai Kano ba.
Hansai ta yi gaba, takalma a hannu,
tana kira, Kaka, saura kaɗan,
irin ƙaryar da na sha yi wa fasinja.

A rabi na zauna.
Dutsen da ɗumi, kamar bayan saniya.

Can ƙasa ga dogo,
siririn zare da aka manta a cikin gonaki.
Nan rayuwata ta bi ta wuce,
tana kai da komo da jakar fata a kafaɗa.
Sai ga wani jirgin kaya yana rarrafe,
bai fi ƙadandoniya ba.
Na ga farin hayaƙi tukuna,
can daga baya kukan ya iso.
Na ɗaga masa hannu, ni da furfurata.
Na ƙirga taragu goma sha huɗu,
babu taga ko ɗaya.

Da muka sauko tsohuwar ta kwashe barkononta.
Ta ce jirgin komawa sai wani makon, in ya ga dama,
amma akwai tabarma a zaure, akwai tuwo.
Hansai ta ce daga can ƙoli ana hango wani dutsen,
ya ma fi wannan.
Na ba ta katin ta riƙe.
Na ce kada ta lanƙwasa shi.