Igiyar Dakta Tahani

A Gadarif, cikin ajin da aka kwashe wa kujeru,
mu goma sha tara muke kwana.
Ba wanda ya goge allon.
Bakwai sau bakwai na nan bisa kawunanmu har yau.

Da ni direban bas ne, Madani zuwa Sinnar,
kowane rami na san shi da sunansa.
Yanzu murfin tukunya in ya faɗi
sai in tsinci kaina rub da ciki, baki cike da ƙasa,
yara na kallo, ko dariya ba sa yi.

Na farko saurayi ne mai tabarau, Mu'awiya.
Ya ba ni littafi da biro,
ya ce in cafke tunanin kamar ɓarawon kasuwa,
in zaunar da shi, in nemi shaidunsa.
Na rubuta: ni na kashe Tanimu.
Ya ce, da me?
Na ce, ni na ce mu bi ta gada.
Ya ce, a safiyar nan, wa ya san abin da ke kan gadar?
Biron ya jiƙe da gumi a hannuna.
Kaina ya yarda da shi.
Ƙirjina ya ce bai ji ba.

Sai aka tura ni wurin wata 'yar Kasala
wadda ba ta son dogon labari.
Yatsu biyu ta ɗaga, ta ce bi su da ido,
dama, hagu, dama, hagu,
kamar waifa ranar ruwan sama,
ka riƙe hoton a zuci, kar ka sake shi.
Na ce a raina, yau ga bokanci da takardar jami'a.
Amma a zama na huɗu
gadar ta ɗan ja da baya,
har na hango ruwan ƙarƙashinta yana tafiyarsa.

Dakta Tahani kuwa igiya ta shimfiɗa a ƙasa,
irin ta shanya.
Nan aka haife ka, in ji ta,
wancan naɗin kwanakin da ba su zo ba ne.
Dutse ga kowane baƙin yini, fure ga fari.
Furen babu, sai muka yi da busasshen zoɓo.
Na zaci duwatsu za su cinye igiyar.
Ashe akwai ranar da na karɓi lasin,
akwai kifin da kakata ke soyawa a Mai Wurno,
akwai Tanimu yana koyon ribas
ya kwantar da dangar liman,
muka yi ta dariya har aka kira magariba.
Dutsensa na ajiye ƙarshe. Ya fi tafin hannuna.
Ta ce, faro daga asuba, kar ka tsallake komai.
Wane takalmi ka sa?
Na faɗa.
Sau uku na tsaya, amma na faɗa.

Ran Laraba muna zagaye a gindin darbejiya,
ba likita, gahawa kawai ke yawo.
Hajja Sittu ba ta taɓa cewa uffan ba,
amma in magana ta sarƙe wani, ita ke miƙa ruwa.
Akwai mai shan ƙwayar asibiti, ya ce ta yi masa rana.
Akwai wanda ya ce shi La haula ta ishe shi,
mako na zagayowa ya dawo, ya zauna kusa da ni.

Kar ka tambaye ni wanne ne ya yi magani.
Mota in ta tashi bayan turi
ba ka sanin kafaɗar wa.
Ban ma ce ta tashi ba.

Jiya dai murfi ya faɗi.
Gabana ya faɗi tare da shi.
Na ja numfashi huɗu yadda aka koya mini,
na sunkuya, na ɗauka, na miƙa wa matar.
Da zafi.
Sai da na hura yatsuna.