Tsamiyar Kasko

Baba ya bar mini tsamiya a kasko,
shekararta ashirin da bakwai,
tsawonta bai cika kamu ɗaya ba.
Masu ilimi bonsai suke ce mata,
shi kuwa Gajera yake kiranta
kamar mai kiran 'yar auta ta zo ga tuwo.

Bayan sadakar arba'in na shiga ba ta ruwa,
da safe, da azahar, har bayan lisha,
duk sa'ad da kewa ta taso sai in ɗauki buta.
Ganye ya yi ɗorawa, na ce ƙishi ne, na ƙara.
Ya fara zuba a dandamali, na ƙara.

Malam Barmo, abokin aikinsa a gandun daji,
ya tako daga Rafindaɗi da sandarsa.
Ya tsoma yatsa a ƙasar, ya sansana,
ya ce, "Hajo, kin shaƙe ta.
Saiwa ma numfashi take yi."

Muka kife kaskon bisa tabarma.
Wari ya tashi irin na kwatami,
saiwar da aka sani fara ta koma baƙa,
tana yauƙi kamar kuɓewa.
Ya gasa almakashi a garwashi, ya bari ya huce,
ya yi ta datsa har ya kai ga mai rai.
Ni ke runtse ido, ba ita ba.
Ya barbaɗa garin gawayi a miki,
ya kwaɓa yashin Jibiya da tsakuwa,
ya sa ƙusa ya buɗe hudar gindi da ta toshe.

"Inuwa mako biyu. Ban da taki,
ba a ɗura wa majinyaci kitse.
Ruwa kuwa, sai ƙasa ta bushe gaɓar yatsa."

Tana farfaɗowa sai ga wasu baƙi,
farare, kamar an yagi auduga
an cusa a hammatar kowane reshe.
Tururuwa ce ta tona musu asiri,
tana hawa tana sauka, tana lasar zaƙinsu.
Na janye kaskon nesa da sauran shuke-shuke,
na daka 'ya'yan bedi, na jiƙa suka kwana,
na tace, na sa ɗan sabulun salo,
na fesa da yamma, don rana ba ta yafe jiƙaƙƙen ganye.
Masu taurin kai na bi su da tsinke
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ran Talata wani toho ya leƙo,
bai kai kunnen ɓera ba.

Yau ma kewar ta taso.
Na ɗauki buta, na tsaya a kanta,
na tsoma yatsa: da sauran laima.
Sai na tsuguna gefe
na yi alwala da ruwan.