Jakar Malam Mutari

Ran da kawu ya kai ni shagon Malam Mutari,
bayan Kasuwar Dole, jikin masu walda,
na zaci ranar zan hau falwaya.
Sai ya turo mini tsohuwar jakar buhu da ƙafa,
ya ce: “Zazzage. Ka san sunan kowa.
Wanda bai san sunan maƙwabci ba,
wa zai kira ran gobara?”

Turnabis biyu, wa da ƙane,
ɗaya bakinsa shimfiɗe kamar haƙorin zomo,
ɗaya mai gicciye, ba ya shiga ramin wani.
Pinsa mai jan hannu, roba har wuya.
“Ran da robar ta tsage, jefar da ita,
ko da gadon ubanka ce.”
Ga wata ƴar ƙarama, aikinta cizo kaɗai.

Wuƙar fiɗa ta fi ba ni wuya:
a tuɓe wa waya riga
ba a yanke mata jijiya ba.
Na ɓata kamu uku, yana shan shayinsa,
bai ce uffan ba,
sai da yamma ya cire dala ashirin daga kuɗin abincina.

Baƙin sikoc, mai rufa asirin mahaɗa.
Mita mai komawa ɗaki da gudu in an sake ta.
Guduma da kurfi na bangon siminti ne;
bangon Birni kuwa laka ne, ya ga kakanni,
lallashi yake so.

Na ƙirga tara. Ya ce saura ɗaya.
Ya zaro ta daga aljihun ƙirji,
siririya, cikinta garau kamar ƙanƙara.
A nan na lura yatsunsa biyu na dama
ba sa miƙewa.
“Tasta ke nan. Ita ce ido.
Kuran ba shi da wari, ba shi da inuwa,
kuma ba ya sallama.”

Saura kwana huɗu Salla,
muka je shagon Tanimun tela a Sabon Gari,
keke uku tsaye, shadda jibge har rufi,
zafi ya sa duwatsun gari suna huci.
Tun hantsi aka ɗauke wuta unguwar duka.
Na ce a raina, mataccen maciji
ai igiya ne.
Na kai hannu.

Bai daka mini tsawa ba.
Ya riƙe wuyan hannuna da yatsun nan biyu,
ya sa mini tasta a tafi.
Na ɗora bakinta kan jan ƙarfe,
babban yatsa a gindinta,
sai ga ɗan jan ido ya buɗe a ciki
yana kallona.
Can waje yara suka ɗau ihu: an kawo, an kawo!
Fankar maƙwabci ta fara juyi.

Na zauna kan buhun ƙyallaye,
gwiwoyina ba nawa ba.
Ya je ya kashe kwantar da kansa,
ya dawo ya ce: “Sake tambayarta.”

Yau wata bakwai.
Jakar har yanzu tasa ce, aro nake.
Amma jiya na sayi tawa tastar, dala sittin,
na ɗinka mata aljihu a wurin Tanimun,
nan gefen hagu, inda ake jin bugu.