Kalmar Ranar Talata

Haruffa uku na rubuta a allo,
guntun alli na narkewa a yatsuna: sob.
Na ce, yara, ba kowane kuka ba ne wannan.
Ba ihun wanda ya taka ƙaya ba ne,
ba ƙwallar mai yanka albasa ba,
ba kururuwar gidan rasuwa da ake ji har bakin kogi ba.
Kuka ne da ya maƙale a wuya,
numfashi na fita guntu-guntu
kamar tulun da aka danna cikin ruwa.
Kakanninmu da suka taho daga yamma da ƙafa
sun ƙunso sunansa cikin kayansu: shessheƙa.

Na ce kowa ya sa ta a jimla.
Rabin aji suka ɗora wa jariri,
wani ya ɗora wa ƙanensa da aka hana kisra.

Barira ta layin baya, ta jikin taga,
ta miƙo nata a ninke.
Abin da Turancinta ke cewa:
injin ban-ruwa yana shessheƙa da dare.

Na zare jan biro.
Ƙarfe ba shi da ƙirji, Barira,
kalmar ta masu rai ce.
Ta gyara mayafi, idonta a ƙasa:
Malam, haka Inna ke ce mana,
inji ne, ku koma barci.

Na san injin.
Yana ƙasan lambun mangwaro, a gaɓar Nilu,
rabonsa da mai tun kaka,
gizo-gizo ya gama saƙa a bakinsa.
Na san mai gadinsa, Ɗantsoho, uban Barira,
wanda ɗansa ya tafi arewa haƙar zinari,
wata bakwai ke nan waya ba ta shiga.
Da rana shi ne mai ba teburin shayi dariya,
duk Mai Wurno ta shaida.

Na buɗe ƙamus, na rufe.
Ya faɗi yadda ake furta ta,
bai faɗi inda dattijo ke kai ta ya ɓoye ba.

Na ba ta maki cikakke.

Bayan lisha na ɗauki butar shayi da kofi biyu,
na gangara ta cikin lambu.
Daga nesa na ji injin na aiki.
Na tsaya jikin mangwaro, ban yi sallama ba,
har shayin ya huce a hannuna.