Bebe Na Yanka

Shekara arba'in da ɗaya ina yi wa ƙarfe haƙora
a lungun nan na kasuwar Kemeralti, cikin Izmir,
tsakanin mai zaitun da mai gyaran agogo.
Rasim sunana.
Ƙofar da ta yi wa mai ita gardama
ni take yi wa ladabi.

Ranar Talata, ruwa na ɗiga daga rumfa,
Sevgül ta shigo da makulli ɗaya ƙulle a hankici.
Motar mijinta ce, Allah ya jiƙansa.
Ɗaya ya faɗa teku daga jirgin fito,
wannan kuwa kansa ya tsage.
Kamfani sun ce mako uku,
da kuɗin da zai cinye rabin fanshonta.

Na yi murmushi cikin gashin baki.
Na ɗaure shi a inji, garin tagulla ya zubo kan takalmina,
na bi da magagari, na hure.
Minti huɗu. Shayina ko hucewa bai yi ba.

Ƙofar mota ta buɗe kamar mun saba.
Na murɗa.
Inji ya yi tari sau ɗaya, ya yi gum.
Na sake.
Wata 'yar fitila ja tana ta ƙifta mini ido.

'Yata Nermin ta leƙo ta taga:
Baba, haƙoranka ba su da laifi.
Akwai ƙwaya cikin kan makullin, da kaɗan ta fi shinkafa.
Mota kan tambaye ta, ita kuma ta amsa.
Naka bai ce komai ba.

Ashe bebe na yanka.

Kafin ta taɓa komai sai da ta nemi takardun mota,
ta haɗa suna da katin shaida,
don ɓarawo ma ya iya kuka.
Sannan ta durƙusa ƙarƙashin sitiyari
da na'urar da muke biya wata-wata
kamar hayar ɗakin da ba mu taɓa kwana ciki ba.
Muka jira.
Jirgin fito ya yi kuka, ya tafi, ya dawo.
Sevgül tana ta murza hankicinta.

Da lambar ta zo, ban ga komai ba,
ba gari, ba ƙara, ba ɗumin ƙarfe a yatsa.
Fitilar dai ta mutu.
Inji ya tashi.
Matar ta dafa kujerar da mijinta ke zama,
ta manta da canjinta a kan tebur.

Da la'asar wani saurayi ya zo da sabuwar mota fil.
Nermin ta duba, ta girgiza kai.
Wannan sai gidan da aka saye ta,
sun kulle sirrinta a wata ƙasa,
ba sa ba irinmu ko da kuɗi.
Ya ce, ai tawa ce, na biya!
Na ce, ƙafafun naka ne, ɗana.
Harshen nasu ne.

Da magariba na share garin tagulla,
bai cika tafin hannu ba.
A da yakan cika gwangwani.
Nermin ta jona na'urarta a wuta, ta tofa mata addu'a cikin wasa.
Ni na ja ƙofa,
na ɗana kwaɗon da mahaifina ya bar mini.
Bai tambaye ni ko ni wane ne ba.