Labulen Dorin

Matakala goma sha uku ce a gidan nan.
Na san su kamar ƙwayoyin carbina:
ta huɗu tana kuka, ta tara tana da santsi,
ta ƙarshe ita ta yaudare ni bara,
daren da na kwana a ƙasa ina kallon ƙafar kujera,
agogo yana cin daren Sheffield loma-loma.

Tun ranar muka ɓata, ni da ƙasa.
Ita da na ci tuwo a kanta, na yi wa 'ya'ya kitso a kanta,
na ɗora mata goshi ba adadi.
Yanzu a kujera nake salla,
muna hararar juna kamar maƙwabtan da suka je gaban alƙali.

Shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya a garin nan.
Hannun nan ya ɗaga ƙarti daga daɓe,
ina cewa, "Daina jin kunya, kowa na faɗuwa."
Ashe magana ce mai sauƙi a bakin na tsaye.

Sagir ya aiko mini da laya daga Aberdeen,
igiya da jan maɓalli, na rataya a wuya.
"Inna, in kin faɗi ki danna."
Na taɓa dannawa ina zaune lafiyata ƙalau.
Wata murya ta fito daga akwati: "Uwani, lafiya?"
Na ce kuskure ne.
Ban gaya mata kwana huɗu ke nan
ban ji sunana a bakin ɗan'adam ba.

Tsallaken titi akwai Dorin, ta girme ni da damina uku.
Ban san launin falonta ba, ba ta san nawa ba,
amma ƙarfe takwas na safe
ta ja labule, in ja labule,
ta ɗaga kofi, in ɗaga kofi:
ina nan, ke fa? Ni ma ina nan.
Shekara goma sha ɗaya, ko fashi.

Yau Laraba takwas ta buga, labulenta a rufe.
Takwas da kwata.
Shayina ya yi fata.
Ƙanƙara ta kwanta a titi, sulɓi kamar miyar kuɓewa,
ga titin namu gangare ne, ko kwalba ba ta tsayawa.

An ce zumunta a ƙafa take.
To, wadda ƙafa ta ci amanarta fa?

Na ɗaura zane a kan wando, na ɗora kwat,
na ce wa sandata, yau ke ce babba.
Taku arba'in da biyu.
A na ashirin gwiwa ta ce mu koma,
na ce mata sannu ba ta hana zuwa.

Ta ramin wasiƙa na leƙa.
Ga ta can saman bene, zaune, ta rungume ƙarfe,
tun asuba jiri ya tsare ta, matakala ta zame mata rijiya.
Sai na ji tsohuwar muryata ta asibiti
ta fito ba sallama:
"Kar ki miƙe. Da mazaunai za ki sauko.
Ɗaya. Huta. Biyu."
Nata ma goma sha uku ce.

Falonta kore ne, ashe.
Shayinta ba citta, ba kanumfari, na shanye.
Ta tagarta na hango gidana,
labule a buɗe, ba kowa a bayansa,
na ji tausayin matar da ke zama a wurin.

Dorin ta ce, "Yaya za ki koma?"
Na dubi titin, na dubi butar.
Na ce, ƙara ruwa tukuna.